Gurbin da Na Toshe a Kicin Ɗinka

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya kai ku Katsina lafiya, kai da iyalinka, ya tsare muku hanya, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya sa gidan da za ku tare a ciki ya zama gidan kwanciyar hankali. Innarka tana gaishe ka, ko da yake ba ta bar ka da gaisuwa ba tun da aka fara ɗaure kaya.

Za ka ga na naɗe takardar nan da sukudireba a cikin jakarka. Kada ka ɗauka tsufa ne ya sa na manta da ita a ciki. Ka ajiye ta kusa, in ka kai ƙarshe za ka san aikinta.

Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne. Abin da na saba rubutawa awo ne da fensir a jikin katako. Amma maganar da ke cikina ba zan iya faɗin ta ina kallon idonka ba. Sau biyu na gwada, ranar da ka zo shago da ranar da muka dawo daga masallacin Juma'a, duk sai na ɓige da tambayar ka lafiyar mota. Kunya nake ji, Nasiru, kunya irin wadda ban taɓa ji a gaban ɗan da na haifa ba.

Bari in fara da abin da kai ma ka gani. Ka ce ba ka yarda wani kafinta ya taɓa kicin ɗin gidanka ba sai ni. Na ji daɗi ƙwarai, har na faɗa wa duk wanda ya tsaya a ƙofar shagona. Na je Katsina na kwana takwas ina haɗa maka kabad bisa zanen da ka ba ni. A tsakiyar zanen akwai wani gurbi mai faɗi, na yi shi yadda aka zana ban tambaya ba, don na ɗauka wurin jera kwanuka ne. Sai a ranar ƙarshe, da kawun matarka Hafsatu ya zo ganin gida, Malam Ado mai aikin wuta kuma yana jan waya, ka ce mini gurbin na maikirowef ne, injin nan na ɗumama abinci, irin wanda ake zaunar da shi cikin kabad ya zama jikin gida.

Ka tuna abin da na ce. Ni ma na tuna, kalma bayan kalma.

"Wannan abin ba zai shiga gidan ɗana ba. Gobara yake tayarwa, da idona na gani a Kano. Kuma tun yaushe miji yake sayen kayan kicin? Kayan kicin na iyayen amarya ne, su kawo su yi mata jere. Macen da ba za ta iya hura wuta ta ɗumama wa mijinta tuwo ba, me ta zo yi?"

Kawun Hafsatu ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa. Malam Ado ya juya wajen wayarsa kamar bai ji ba. Kai kuma ka ce, "To, Baba." Na yanko falanki na toshe gurbin, na shafa masa fenti daidai da sauran, na dawo Daura ina jin na yi tarbiyya.

Shekaranjiya Innarka ta ce mini ta ji ka a tsakar gida kana faɗa wa Hafsatu cewa a gidanmu maigida ba ya cin abinci mai sanyi, ba ya kuma cin na inji, don haka ta shirya. Hafsatu da take unguwarzoma, wadda za ta wuni a tsaye a asibiti ta dawo ƙafa a kumbure. Innarka ta faɗa ta ci gaba da tankaɗen garinta. Ni kuwa sai na ji muryata ce ta fito daga bakinka, kuma ban taɓa sanin haka take da muni ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Kuskurena na farko ya girme ka. Tun da na auri Innarka ban taɓa dawowa gida a kan lokaci ɗaya kwana biyu a jere ba. Yau ina shago a nan hanyar Kusugu, gobe ina Baure ina sa wa wani ƙofa, jibi na hau babur zuwa Mai'adua. In na dawo na buɗe langata na tarar tuwo ya huce, ba na faɗa, ba na zagi. Rufewa nake yi in ture ta gefe da bayan hannu. Shi ke nan. Innarka ta san ma'anar wannan turewar. Sai ta tashi ta koma murhun da ta riga ta kashe, ta sake hura wuta domin malmala biyu da miyar kuka. Da safe kuma ɗumame, shi ma sai yana ƙona yatsa nake ci.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne alfaharin da nake yi. Ina ce wa abokai gidana ba a sayen itace, don kullum nakan cika buhu da guntayen katako da dusar zarto in kawo mata. Ni kafinta ne, na san waɗansu guntayen da fenti a jikinsu, waɗansu da gam. A shago in aka ƙona irinsu matsawa nake yi waje saboda wari. Amma na kwashe su na kai wa matata ta durƙusa ta sa fuska tana hurawa, shekara da shekaru. Ka ga yadda idonta yake zubar da ruwa yanzu, ka ji tarin da take yi in ta tashi da safe. Na daɗe ina cewa tsufa ne. Ni na girme ta da shekara tara, idona garau.

Don haka ka ji, ɗana. Zafin abincinka kada ya zama wahalar wani. In kai ka makara, kai ka makara, ba wadda ta dafa ba ce ta yi laifi. Tuwo ya huce saboda ya jira ka ne.

Kuskure na biyu ƙarami ne a ido, amma Innarka ba ta manta ba. Yayarka Asabe ta taɓa saya mata risho, don ta huta da hayaƙi. Sati uku ta yi tana amfani da shi, tana goge shi kamar kayan ado. Sai wani abokina ya zo zaure yana neman aron risho, za a yi biki a gidansa. Ban ko leƙa na tambaye ta ba. Na shiga na ɗauko, da sauran ɗumi a jikinsa, na miƙa masa ina cewa, "Haba, wannan har sai ka tambaya?" Daga gidan bikin ya wuce wani gidan bikin, daga nan ban san inda ya yi ba. Da ta yi magana na ce mata ba zan zubar da girmana in je bin risho ba. Ta koma murhu. Ka san halin garinmu, abin da duk hannu zai iya ɗauka ba ya kwana a gida in ana hidima a unguwa, kuma mu maza mun fi kowa iya kyauta da kayan da ba mu ne muke wahala in babu su ba. Kada ka sayi sunan mutumin kirki a zaure da abin da matarka take hutawa da shi a cikin gida.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ba wanda na taɓa faɗa wa sai jiya.

Shekara shida ke nan, da Asabe ta haihu a Kano, Innarka ta riga ni tafiya don ta kula da ita, ni kuma na bi ranar suna. Ka san ba na cin tuwo sai a langata, waccan fara mai murfi da bakin shuɗi. Innarka ta tafi da ita a kayanta don ta san zan biyo. Washegarin suna mijin Asabe ya roƙe ni in duba masa ƙofar kabad ɗin kicin da ta saki. Da ba domin haka ba, me zai kai ni kicin ɗin suruki? Mata duk suna waje suna sallamar baƙi. Ina cikin aiki sai na ga langata a kan kanta da ragowar tuwon jiya, ga kuma maikirowef ɗinsu a kan tebur. Na ga Asabe ta sa kofi a ciki da safe ta danna, kafin a ce haka shayi ya yi zafi. Raina ya biya. Na ce a zuciyata, ni da nake haɗa gado da kujera, danna maɓalli ne zai gagare ni? Na ɗauki langar ƙarfe da murfinta, da cokali a ciki, na tura na rufe na danna.

Nasiru, walƙiya na gani a cikin akwati. Tartsatsi shuɗi, da ƙara tas-tas-tas, sai wari, sai ɗif. Na fizge waya daga bango, na sa tsumman aikina na zaro langar na mayar da ita inda take. Na ƙarasa ɗaure ƙofar kabad ɗin, na fita zaure na zauna cikin maza ana hira har da ni.

Da azahar aka gano injin ya mutu. Ina zaune ina jin muryoyin mata daga ciki. Uwar mijin Asabe ta ce, "Ai ba sai an tambaya ba. Wa ke shiga kicin ɗin nan tun asuba in ba Inna ba? Allah sarki, mutanen Daura, an saba da murhu." Aka kwashe da dariya. Wata ta ce a riƙa kulle kicin in Inna ta zo. Na kasa kunne in ji Innarka ta musa, ban ji muryarta ba. Da na miƙe a lokacin na ce ni ne, da an yi dariyar minti biyar an wuce wurin. Amma na dubi surukina, na dubi baƙinsa, na ce dattijo kamata a ce ya shiga kicin yana wasa da inji ya ƙona? Na ja bakina na yi gum.

Tun daga ranar suka sa mata suna Inna mai inji. Da wasa suke faɗa, amma har yau suna faɗa, har jikokinta sun koya. Ka lura ko ta je Kano ba ta shiga kicin ɗin 'yarta, sai ta zauna a falo a kawo mata kamar baƙuwa. Ni na jawo mata wannan. Kuma ban tsaya nan ba. Don in rufe kunyata sai na koma zagin injin. Duk inda aka ambace shi sai in ce gobara ne, na malalatan mata ne. Na yi ta faɗa har ni kaina na fara yarda, har na zo na faɗa a gaban kawun matarka, na toshe maka bango da ƙaryar da na yi wa kaina.

Ka riƙe wannan da kyau. In ba ka san abu ba, ka tambaya, ko da wanda za ka tambaya ɗanka ne. In kuma ka ɓata, ka faɗa da bakinka tun abin yana ƙarami. Ni na bar nawa ya shekara shida a kan matar da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Jiya da safe na kira Malam Ado a waya. Na ce masa, "Ado, yau ni ne ɗalibi, ka koya mini." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai tun ran nan na so in yi magana, na ga ranka a ɓace." Ga abin da na fahimta daga gare shi, na haɗa da abin da na sani na aikina.

Injin ba shi da laifi, ƙarfe ne ba a sa masa. Langa, kwanon silba, cokali, duk a cire. Tangaran ake sawa ko gilas, ko robar da aka yi dominsa. Kada a sa ƙwai da ɓawonsa, fashewa yake yi. In tuwo ne a yayyanka shi, a yayyafa ruwa kaɗan, a rufe, sai ya fito da laushi kamar yanzu aka kwashe. Miya a motsa ta a tsakiyar ɗumamawa don zafin ya game. Ya ce minti biyu ko uku ne aikin, ga wutar sola da ka sa, ga shi ya ja wa injin layinsa daban, don haka ko wuta ba ta zauna ba za ku samu na ɗumame. Minti uku, Nasiru. Na zauna ina tuna yawan lokacin da Innarka take ɗauka kafin wuta ma ta kama, in itace ya sha damina.

Game da zaunar da shi cikin kabad kuwa, wannan fannina ne, kuma da na bar girman kai na duba zanenka da idon kafinta, da na ga mai zanen ya san aikinsa. Kicin ɗinka ba shi da faɗi. In aka ɗora inji a kan kanta ya cinye wurin yanka albasa da ajiye tukunya, in yana cikin gurbinsa kanta ta zama ta mai aiki. Yana sama daidai ƙirji, ba sunkuyo ba durƙuso, kuma wanda ya ga yadda bayan Innarka ya ranƙwafa ya san abin da durƙuso yake yi wa mutum. Wayarsa tana ɓoye a baya, ruwan wanke-wanke ba ya kai mata, in Allah ya ba ku 'ya'ya mai rarrafe ba zai ja ta ya jawo wa kansa abu ba. Ba ƙarƙashin da romo zai zube kyankyasai su yi gida. Na tambayi Ado maganar iska, don na san duk abin da ke yin zafi yana son numfashi. Ya ce ratar da zanen ya nuna a baya da sama ita ce ta wannan, kuma na bar ta daidai ba tare da na san amfaninta ba. Shi zai zo ya ɗaura, kada ka ce za ka yi da kanka. Ka ji yadda ta ƙare da wanda ya ce zai yi da kansa.

Sai abu biyu da Ado bai faɗa ba, ni na gano su. Na ɗaya, abin da aka ɗaure a jikin bango ba mai zuwa aronsa. Ko abokinka ya zo da bakinsa mai daɗi, ko kai zuciyarka ta raya maka irin tawa, ba abin da za ka iya ɗauka ka miƙa. Da rishon Innarka a bango yake, da yana nan.

Na biyu shi ne maganar jere da na kafa hujja da ita. Gaskiya ne a wurinmu iyayen amarya suke kawo kayan kicin, kuma al'ada ce mai kyau, ban ce a bari ba. Amma na ga abin da take koya mana mu maza ba mu sani ba. Tunda tukunya tata ce, kwano nata ne, sai mu ɗauka duk abin da ya faru a kicin matsalarta ce, mu namu buɗe langa. Abin da ka gina a jikin gidanka kuwa naka ne kamar ƙofa da taga. Kai ka yi tunanin gurbin nan tun kafin a kawo ko cokali ɗaya. Wannan tunanin ya fi nawa, ɗana, kuma ni na zo na kashe maka shi da tsawa. Biyayyar da ka yi mini Allah ya ba ka ladanta. Amma na janye maganata gaba ɗaya. Zan kira kawun Hafsatu in ba shi haƙuri da bakina. Kai kuma ka koma wurin Hafsatu ka janye taka. Ka ce mata abin da ka faɗa a tsakar gida ba dokar gidanmu ba ce, halin mahaifinka ne, kuma mahaifinka yana jin kunyarsa.

Jiya bayan la'asar na samu Innarka tana tsintar wake a gindin darbejiya. Na zauna kusa da ita a kan turmi, abin da ban saba ba, har ta ɗago ta dube ni. Na ce, "Ina da magana. Injin nan na gidan Asabe, ni na ƙona shi."

Ba ta ko dakata da tsintar ba. Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin sani? Wa ya faɗa miki?"

Ta ce, "Malam, wa ke wanke langarka? Tun ranar na ga ƙuna a bakin murfin, baƙi ƙirin, har yau bai fita ba. Kullum a kansa kake ɗora yatsa in za ka buɗe."

Na shiga ɗaki na ɗauko langar na duba. Yana nan, kamar an ɗiga masa tawada. Shekara shida ina ci a cikinta ban gani ba. Na dawo na ce, "To don me ba ki faɗa ba, kika bari suna yi miki dariya?"

Ta ce, "In faɗa a gaban surukai in ce mijina ne? Na bar ka ne ka faɗa da kanka. Ban dai zaci za ka daɗe haka ba."

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce mata ranar Asabar zan je Kano da langar a hannu, in faɗa wa uwar mijin Asabe gaskiya a gaban waɗanda suka yi dariya. Ta ce, "Da ni za a je. Ina so in ga fuskarka." Sannan ta yi dariya har tarin nan nata ya sarƙe ta, ni kuwa na kasa dariyar.

Da tarin ya lafa ta tambaye ni, "Gurbin nan da ka toshe wa yaro, daidai tsayin wa ka yi shi?"

Na ce, "Daidai ƙirjin Nasiru. Shi na tsayar na gwada da shi."

Ta ce, "To madalla. Ka rubuta masa a takardar taka, ka ce hannunsa yana kaiwa."

Ga shi na rubuta.

Yanzu ka ɗauki sukudirebar. Falankin da na toshe gurbin da shi ban sa masa gam ba, ban buga ƙusa ba. Sukuru huɗu ne kawai, ɗaya a kowace kusurwa, fenti ya rufe kansu, ka kankare da farce za ka gan su. Kada ka sa wani ya cire maka. Ka cire da hannunka, Hafsatu tana tsaye tana gani. Kuma ranar farko da ka dawo gida ka tarar ta gaji, abinci ya huce, kada ka ture kwanon. Ka tashi ka juye a tangaran, ka cire cokalin, ka ɗumama na mutum biyu.

Allah ya kiyaye ku a hanya da bayan hanya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba, ya tsare idon matarka da ƙirjinta daga abin da na jawo wa mahaifiyarka. Ka sa ni a addu'a, ka roƙa mini gafarar Allah, ita kuma ina nan ina roƙon tata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
daga Daura.